Animal Tracker, aplikasiyon da ta sa nike kallon tsuntsaye da wani ido daban

Jama'a wannan aplikasiyon Animal Tracker wallahi ta burge ni. Ƙanena ne ya saka min ita a waya wani marece muna zaune bakin kogi kusa da gadar Kennedy nan Yamai, kyauta ce, cibiyar Max Planck ta Jamus ce ta yi ta. Masu bincike na ɗaura ma tsuntsu ƴar na'urar GPS mai caji da hasken rana, kai kuma kana ganin hanyar da ya bi a taswira, inda ya kwana, inda ya tsaya cin abinci, har kwanan wata.

Mu da muka tashi muna jiran shamuwa ta kawo bushara da damina, ban taɓa tambayar daga ina take zuwa ba sai yanzu, na bi wani farin shamuwa (ba irin tamu ta damina ba) daga Turai ya ƙetare hamada, har tsikar jikina ta tashi.

Kuma fa aikin ba na kallo kaɗai ba ne, irin wannan bin sawun tsuntsayen teku shi ya nuna wani wuri tsakiyar Atlantika ta arewa inda miliyoyinsu ke taruwa kiwo, a 2021 aka ware shi wurin kariya, faɗinsa kusan kilomita murabba'i 600,000, ya kai rabin Nijar kusan.

Taswirar na son rezo mai ƙarfi, unguwarmu sai da dare take buɗe min da kyau. Malaman makaranta don Allah ku nuna ma yara.