Enka ko waƙar anime: wacce za ka rera a karaoke?

In ka shiga ɗakin karaoke a Tokyo, inda na'ura ke kunna kiɗa kai kuma ka rera waƙar, aka miƙo maka makirfo, zaɓi biyu ne suka fi zuwa hannu: enka, waƙar dattawa, ko waƙoƙin anime, wato finafinan zane na Japan.

Enka tana tafiya a hankali, kuma wannan ne ke yaudarar baƙo. Kalmomin da ke fitowa a allo ba sa gudu, kana iya bin ƙananan haruffan da ake ɗorawa a kan kanji, haruffan Japananci masu wuyar karatu, don nuna yadda ake furta su. Sai dai akwai abin da Japanawa ke kira kobushi, wato karkaɗa murya a kan gaɓa ɗaya, sannan a ja numfashi mai tsawo. A nan ake gane gwani. "Tsugaru Kaikyo Fuyugeshiki", wadda Sayuri Ishikawa ta fitar a 1977, tana farawa cikin sanyi, amma amshinta yana hawa sama har maƙogwaro ya ƙi. Sauko da amon waƙar ƙasa a na'ura don ya dace da muryarka yana taimakawa, ko da yake ba ya koya wa mutum kobushi.

Waƙoƙin anime kuwa sauri ne matsalarsu, harshe na iya sarƙewa. Amma suna da rufin asiri: ɗakin gaba ɗaya yakan ɗauka tare da kai. Ka saka "Zankoku na Tenshi no Teeze" ta Yoko Takahashi, ta 1995, ba wanda zai ji inda ka yi tuntuɓe.

Ni dai sabon shiga zan ce ya fara da anime. Enka ya ajiye ta sai ranar da ya fita da maigidansa a wurin aiki, bayan ya yi mata mako guda yana gwaji.