Wata Shida Ina Watsa Gem Kai Tsaye: Sharhi a Kan Kayan da Na Yi Aiki da Su

Kusan wata shida ke nan da na fara watsa wasan ƙwallon ƙafa na EA Sports FC kai tsaye a YouTube daga ɗakina, kuma tambayar da masu kallo suka fi yi mini ita ce irin kayan da mai son farawa yake bukata. Na sayi wasu sun yi mini amfani, na sayi wasu kuɗina ya tafi a banza, shi ya sa na ga ya dace in bayyana abin da na gani da idona.

Da PlayStation 5 kaɗai na fara, domin tana da hanyar watsawa a cikinta. Mutum zai danna maɓallin Create a jikin hannun gem, ya haɗa asusunsa na YouTube ko Twitch, shi ke nan ya hau. Sai dai YouTube na bukatar a tabbatar da lambar waya, kuma a karon farko akan jira har awa 24 kafin a buɗe damar watsawa. Wannan hanya ta ishi mai gwaji, amma ba ta ba ni damar tsara fuskar shirin yadda nake so ba, don haka na koma ga kwamfuta da manhajar watsa shiri kai tsaye ta OBS Studio, wadda kyauta ce.

Kafin hoton gem ya shiga kwamfuta, dole sai da na'urar kwaso hoto. Ta farko da na saya mai araha ce, babu ma sunan kamfani a jikinta, an dai rubuta 4K ɓaro-ɓaro a kwalin. Da ƙwallo ta yi gudu sai hoton ya riƙa tsinkewa, launin filin kuma ya dusashe kamar tsohuwar atamfa. Bayan mako uku na ajiye ta na sayi Elgato HD60 S+, kuma ita ce abin da ya fi tsada a cikin kayan da na ƙara, amma ban yi da-na-sani ba. Kebul ɗin HDMI ɗaya yana fitowa daga PlayStation ya shiga cikinta, wani ya fita zuwa talabijin, na uku kuma, wanda kebul ɗin USB ne, ya tafi ramin USB 3.0 na kwamfuta. Ina buga wasa a talabijin ba tare da jin wani jinkiri a hannuna ba, ita kuwa kwamfuta tana karɓar hoto mai 1080p, sau 60 a daƙiƙa. A daren farko baƙin allo kawai na gani a OBS, na ɗauki sama da awa guda ina cire kebul ina mayarwa, ashe kariyar HDCP, mai hana kwafar hoto, ce ban kashe ba a saitin HDMI na PlayStation. Ina kashe ta filin wasa ya bayyana.

Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba tun farko, kuma shi ya fi kore mini masu kallo, shi ne sauti. Makirfona na farko irin mai kwasar duk wani motsi ne, wanda ya dace da ɗakin naɗar sauti mai shiru. A ɗakina kuwa ƙarar fanka, da janaretan maƙwabta, har da hon ɗin masu adaidaita daga bakin titi, duk sai da ya kai wa mutane. Da na sake kallon wani shiri da na yi, ni kaina da ƙyar nake jin abin da nake faɗa. Na canza zuwa Samson Q2U, wanda ba ya ɗaukar sauti sosai sai abin da ke dab da shi. Yana shiga kwamfuta ta USB, yana da ramin XLR, irin na kayan sautin ƙwararru, ga wanda zai ƙara kayan sauti nan gaba, sannan akwai wurin sa abin kunne a gindinsa don mutum ya ji muryarsa. Sharaɗinsa shi ne baki ya kasance kusa, tazarar yatsu uku ko huɗu. Da na haɗa shi da matacin hayaniya na cikin OBS, ƙarar fankar ta kusan ɓacewa gaba ɗaya. A ganina, wanda kuɗinsa bai kai na kaya biyu ba, to makirfo ya kamata ya fara saya kafin kyamara.

Kyamarar tawa Logitech C920 ce, tana ba da 1080p sau 30 a daƙiƙa, kuma tunda fuskata a ɗan lungun allo take zama, ta wadatar. Fitila mai zobe guda ɗaya a gabana ta gyara hoton fiye da yadda na zata.

Intanet kuwa shi ne gishirin aikin. Yawancinmu saurin saukewa muke dubawa, alhali mai watsawa saurin turawa yake bukata. Na fara da kilobit 6,000 a daƙiƙa, wanda ke cin kusan gigabait 2.7 a awa, amma da zarar an yi sallar isha'i mutane sun cika layi, sai alamar da ke ƙasan OBS ta koma ja, hoton ya riƙa daskarewa a wurin masu kallo. Na sauko zuwa 720p a kan kilobit 3,000, wato kusan gigabait 1.35 a awa, na kuma ja kebul daga rauta zuwa kwamfuta maimakon dogaro da Wi-Fi. Tunda akasarin masu kallona a waya suke kallo, babu wanda ya yi ƙorafin raguwar kyan hoto, sai ma godiya da datarsu ta daina ƙarewa da wuri. Kwamfutar tawa mai katin hoto na GTX 1650 ce, kuma da na zaɓi NVENC, wato ɓangaren katin mai sarrafa bidiyo, a saitin OBS, nauyin sarrafa bidiyon ya koma kan katin, zafin da take yi ya ragu.

Saura wuta. PlayStation 5 tana jan kusan wat 200 a lokacin wasa, ga talabijin ga rauta, kuma sau biyu ana ɗauke wuta ina tsakiyar shiri, mutane suka watse kafin in tayar da inji. Yanzu na ɗora su ukun a kan ƙaramar inbata mai batir ɗaya, wadda ke riƙe ni har in kammala wasan da nake kai, in yi sallama da masu kallo cikin natsuwa. Kuɗin da nake tarawa a halin yanzu na batir na biyu ne.