Bitar Kwas ɗin Agajin Gaggawa na Jami'ar Johns Hopkins a Coursera

Ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam yakan shafe shekara huɗu a jami'a yana haddace ra'ayoyin Freud da Pavlov da Piaget, amma ranar da aka zaunar da shi gaban matar da ambaliya ta cinye wa gida, sai ya rasa abin faɗa bayan ya ce Allah ya mayar da alheri. Wannan giɓi ne ya sa na yi rajistar kwas ɗin Psychological First Aid, wanda Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta ɗora a Coursera, manhajar karatu ta intanet, Farfesa George Everly kuma yake koyarwa. A wayar hannu na yi shi, da daddare bayan sallar isha'i, kuma gajere ne ƙwarai, domin mai himma zai iya gama shi a cikin mako guda.

Manufarsa ita ce koyar da yadda ake kwantar wa mutum hankali a sa'o'i da kwanakin farko bayan wata masifa, kamar gobara ko haɗarin mota ko harin 'yan bindiga. Malamin ya jaddada cewa wannan aiki ba jinya ba ne, kamar yadda ɗaure rauni a bakin titi ba tiyata ba ce. An gina darussan a kan matakai biyar da ake taƙaitawa da RAPID: sauraro tare da samun amincewar mutum, auna halin da yake ciki, tantance wanda ya fi buƙatar kulawa da gaggawa, ba da taimakon da ya dace, sannan bibiya ko miƙa shi ga ƙwararru.

Darasin sauraro ne ya fi tsaya mini a rai. Akwai bidiyon kwaikwayo inda ake nuna zantawa da wata mata da bala'i ya raba da gidanta, da farko ta hanyar da ba ta dace ba, daga baya kuma a gyara. A ta farkon, mai taimakon yana saurin ba da shawara tun matar ba ta gama magana ba, kuma a nan na ga kaina. Mu Hausawa mun taso da "sai haƙuri", kalma ce mai daraja, amma idan aka furta ta da wuri takan rufe bakin wanda ke son amayar da abin da ke cinsa. Bayan kammala kwas ɗin, na je jaje wurin wani maƙwabcinmu da shagonsa ya ƙone. Na zauna a kan tabarma na yi shiru, ina maimaita masa abin da na fahimta daga kalamansa. Ya daɗe yana juya makullin shagon a hannunsa kafin ya ce asarar kayan ba ta hana shi barci kamar kuɗin ajiyar mutane da ke cikin akwatin.

Abu na biyu mai amfani shi ne rarrabe damuwar da aka saba gani bayan masifa, wadda takan lafa da kanta, da wadda ta kai mutum ga kasa ci da sha ko kula da iyalinsa, ko ma tunanin hallaka kansa. A wuri kamar Maiduguri, inda ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta raba dubban mutane da muhallansu a watan Satumbar 2024, ma'aikaci ɗaya ba zai iya zama da kowa ba, saboda haka sanin wanda za a fara da shi babban ilimi ne. Darasin ƙarshe ya koma kan mai taimakon kansa, wato yadda jin labaran baƙin ciki kullum ke gajiyar da zuciya, da yadda zai kiyaye lafiyarsa.

Kwas ɗin yana da iyakarsa. Da Turanci ake koyarwa, misalansa kuma na rayuwar Amurka ne, don haka ɗalibi ne zai yi tunanin yadda namiji zai zanta da matar aure a sansanin 'yan gudun hijira, ko matsayin da liman da mai unguwa ke da shi a irin wannan aiki. Shawarata ita ce a haɗa shi da jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan wannan aiki a 2011, wadda ta fi la'akari da ƙasashe masu ƙarancin kayan aiki. Takardar shaida ta kuɗi ce, amma ana iya neman tallafi, kuma ba lasisin duba marasa lafiya ba ce.

Ina ganin ya dace kowane ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam ya yi shi kafin ya fita aikin sanin makama, ya kuma nemi abokin karatu su riƙa gwada zantawar da Hausa. Mataki na biyar ba zai yiwu ba sai ya san inda zai tura mutum, don haka ya rubuta asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa da ke kusa da shi, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Dawanau a Kano.