Wata tara ina haɗa ɗaga ƙarfe da dambe a Nima, ina ɗan shekara 58

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina duƙe a kan keken ɗinki a unguwar Nima da ke Accra. Duk tela ya san abin da keke ke yi wa mutum: baya ya ranƙwafa, wuya ya ƙage, tumbi ya fito. Ban ɗauki abin da zafi ba sai wata Juma'a a babban masallacin Kanda, da na zo miƙewa daga sujada gwiwata ta ƙi, sai da na dafa ƙasa da hannu biyu, wani yaro da ke gefena ya tallafe ni. Allah ya yi wa yaron albarka, amma abin ya tsaya mini a rai. A makon ne kuma aka auna ni a asibiti aka ce jinina 150 bisa 95, likita ta rubuta magani ta ce in rage gishiri, in nemi abin da zai riƙa sa ni gumi.

Haka na je na yi rajista a wani gidan motsa jiki da ke saman wasu shaguna a nan yankinmu. Ba zan kama sunansa ba, don akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma mutanen abincinsu suke nema. Ɗaki biyu ne. Ɗaya na ƙarafa, ɗaya na dambe mai buhunan naushi huɗu da fili da aka kewaye da igiya. Mai son ƙarfe kaɗai yana biyan sidi 200 a wata, mai son duka biyun sidi 300. Suna buɗewa bayan sallar asuba, su rufe ƙarfe tara na dare. Na biya na duka biyun.

Ƙarfen likita ce ta nuna mini hanyarsa, amma damben son zuciyata ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mahauci ne, kuma dambe wasan mahauta ne tun asali. Yana ba mu labarin yadda ake naɗe hannu ɗaya da kara a kira shi mashi, ɗayan a bar shi garkuwa, a yi turmi uku. Sannan mu yaran Accra ne. Ina ɗan shekara takwas D.K. Poison ya kawo wa Ghana kambun damben duniya na farko a 1975, ina sha bakwai Azumah Nelson ya kayar da Wilfredo Gomez a 1984. Duk wanda ya taso a lokacin ya taɓa tsayawa gaban madubi ya dunƙule hannu. Ni dai keke ya riƙe ni, sai yanzu na samu dama.

Bari in fara da abin da ya fi burge ni, wato kocin dambe. Dattijo ne ɗan Bukom, unguwar da ta yi suna da dambe a Accra, sa'ana ko ya ɗan girme ni, yana jin Hausar kasuwa daidai gwargwado. Ranar farko da ya ji sana'ata sai ya kama hannuna ya juya shi, ya ce, "Alhaji, da wannan kake ci. Ba za ka taɓa buhu ba sai ka iya naɗa shi." Ya kawo bandeji mai tsawon kusan mita huɗu da rabi, ya rataya a babban yatsa, ya zagaye wuyan hannu sau uku, ya bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa a kan gaɓoɓi, ya dawo ya ɗaure. Ya kwance ya ce in yi da kaina. Sau biyar na yi kafin ya gyaɗa kai. Mako biyu cur ban kai naushi ga komai ba sai iska. Taku kawai: ƙafar hagu gaba, dunduniyar dama a ɗage, in matsa gaba, in ja baya, in kauce gefe ba tare da ƙafafuna sun harɗe ba. Da farko na ga kamar ɓata kuɗi ne. Daga baya na gane takun nan shi ne rabin abin da na zo nema, domin abin da ke kayar da dattijo a banɗaki ko a bakin kwata ba rashin ƙarfi ba ne kawai, rashin saurin ɗaga ƙafa ne idan ya yi tuntuɓe. Da shekaru, zafin nama yana riga ƙarfi tafiya.

Shi ne kuma ya kafa mini sharaɗin da har yau nake gode masa: babu karɓar naushi a ka. Yara suna shiga cikin igiya su gwabza, ni iyakata buhu da faifan da yake riƙewa a hannu, turmi na minti biyu maimakon ukun da aka saba, hutu minti ɗaya. Ya ce kan ɗan ashirin daban, na ɗan sittin daban. Da na faɗa wa likitata ta ce gaskiyarsa, jijiyoyin jinin da ke cikin ƙoƙon kai sun fi saurin tsinkewa ga mai shekaru, balle wanda ke shan maganin tsinka jini. Kocin da zai hana ka abin da kake marmari alhali ka biya kuɗi, wannan ya san aikinsa.

Ɓangaren ƙarfe kuwa a nan matsalar take. Kayan ba laifi. Akwai sanda ta gaske mai kilo 20 guda biyu, da faya-fayai masu lamba, ba irin na lungu da ake haɗawa da tsohon ƙarfen mota da siminti a gwangwani ba, inda ba ka san nauyin da kake ɗagawa ba. Mai kula da ɗakin yaro ne ɗan Zongo, mai ladabi, ba ya wuce ni sai ya ce "Kawu, sannu da ƙoƙari." Amma takardar da ya ba ni ita ce wadda yake ba kowa: Litinin ƙirji, Laraba baya da dantse, Juma'a kafaɗa da ƙafa. Koci kuma ya sa ni Talata da Alhamis da Asabar. Kwana shida ke nan a mako. Babu wanda ya tambaye ni hawan jini, babu takardar lafiya da aka ce in cike, kuma abin da ya fi ci mini rai, yaron da kocin ba sa zama su yi magana. Gidan ya sayar mini da abu biyu a kuɗi ɗaya, amma kowannensu yana tsara mini aiki kamar ɗayan ba ya nan.

Jiki magayi. A mako na shida kafaɗata ta dama ta fara. Litinin na tura ƙarfe a kwance a benci, Talata na kai naushi ɗari da wani abu, Juma'a na tura ƙarfe sama da kai, Asabar buhu kuma. Duk kafaɗa ɗaya ce ke wannan bauta. Da farko tsami ne, sai ya zama idan na kwanta a gefen dama ba barci. Wata safiya na shimfiɗa shadda yadi goma a tebur zan yanka babbar riga, na miƙa hannu da almakashi zuwa ƙarshen tebur, wani zafi ya soke ni har almakashin ya faɗi. Yarona ne ya ƙarasa yankan. Hajiya ta dube ni da dare ta ce, "Alhaji, taura biyu ba ta taunuwa, ka zaɓi ɗaya." Mako uku na yi ina zuwa gashin ƙashi. Mai gashin ta bayyana mini cewa tsoka tana saurin ƙarfi cikin makonni, amma jijiyar da ke ɗaure ta da ƙashi jini kaɗan ke isa gare ta, sai ta yi watanni kafin ta kamo. Ƙarfina ya ƙaru, jijiya ba ta shirya ba, ni kuma ban ba ta hutun kwana biyu tsakanin aiki da aiki ba.

Ban zaɓi ɗaya ba, amma na daina bin takarda biyu. Da na koma na roƙi su biyun mu zauna a benci ɗaya. Kocin ne ya yi magana, yaron ya saurara, kuma in ba shi haƙƙinsa, bai yi girman kai ba. Abin da muka tsayar shi nake kai har yau. Ƙarfe Litinin da Alhamis, dambe Talata da Asabar, sauran kwanakin hutu da tafiyar ƙasa. Ranar Litinin, tunda gobenta akwai naushi, ƙafa da baya kawai: tsugunno da nauyi a ƙirji, ɗaga sanda daga ƙasa, da jan ƙarfe zuwa ciki. Turi sai Alhamis, shi ma da ƙananan ƙarafa na hannu, ba sama da kai ba. Kowane motsi sau takwas zuwa goma, zubi biyu ko uku, in ajiye alhali ina jin zan iya ƙara biyu. Jan ya fi turin yawa, don naushi duk turi ne, keke ma gaba yake jan kafaɗa. A ƙarshe in ɗauki kilo 16 a kowane hannu in yi tafiya daga bango zuwa bango, kamar mai ɗebo ruwa da jarka biyu.

Abu ɗaya da nake so duk mai hawan jini ya ji: kada ka riƙe numfashi kana ɗaga nauyi. Yara suna yi, su cika ciki da iska su danne, fuska ta kumbura. Wannan yana harba jini sama nan take. Ni ina fitar da iska lokacin da nake ɗagawa, in shaƙa lokacin saukewa. Likita ce ta koya mini, ba gidan ba, alhali su ya kamata su fara faɗa.

Tsarin nan bai yi nisa da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ba: babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, wanda ya kai 65 kuma ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa. Dambe ya ɗauke mini numfashi da taku, ƙarfe ya ɗauke tsoka da ƙashi. Tsokar mutum tana fara raguwa tun bayan shekara talatin, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, ta ƙara gudu bayan sittin. Naushin buhu kaɗai ba zai tare wannan ba. Ƙarfe kaɗai kuma, na san kaina, da tuni na gaji na bari. Abin da ke tashe ni bayan asuba shi ne ƙarar faifan koci idan naushi ya zauna daidai.

Abinci ban canza da yawa ba. Koko da ƙosai na nan, sai dai na ƙara ƙwai biyu, na rage suga. Da rana wake da shinkafa, in ce a ƙara wake da kifi a rage taliya. Da dare tuwo kaɗan, miya da yawa.

Ga abin da na samu a wata tara. Na fara ɗaga sanda daga ƙasa ba faifai ko ɗaya, yau ina ɗaga kilo 60 sau takwas. Na fara da turmi biyu ina haki kamar zan faɗi, yau ina yin shida. Wandunana na rage musu inci biyu a ƙugu, ni na ɗinke da hannuna. Awo na ƙarshe jinina 132 bisa 84, tare da magani, ban daina sha ba kuma ba na shawartar kowa ya daina. Sujada ina tashi ba dafa ƙasa. Kafaɗar tana tuna mini da kanta idan hunturu ya shigo, amma tana yanka shadda.

Sauran ƙorafe-ƙorafena ƙanana ne amma na gaske. Safar damben da gidan ke ba da aro kada ka sa. Na juya ɗaya na duba, zaren roba ne mai sulɓi, ɗinki layi ɗaya, soso ya mutu a daidai gaɓoɓi, ga wari. Na sayi tawa mai oza 16, wadda ta fi kauri, kuma duk mai cin abinci da yatsunsa ya yi haka. Idan aka ɗauke wuta babu janareto, ɗakin ƙarfe ya zama tanda. Da yamma kiɗa yana da ƙarfi har ba ka jin kiran magariba, shi ya sa na koma safiya, lokacin da muke 'yan kaɗan, yawanci manya. Da azumi ya zo, lokacin da tela ba ya ganin gadonsa saboda ɗinkin Sallah, na nemi su dakatar mini da kuɗin wata guda, suka ce ba tsarinsu ba ne. A unguwar da mafi yawan masu zuwa musulmi ne, wannan rashin lura ne. Sau huɗu kawai na leƙa a watan, bayan tarawi, na ɗan taɓa ƙarfe mara nauyi.

Abokaina na shago da na majalisa suna tambaya ko su zo. Wanda ya haura hamsin, amsata ita ce ya zo, amma ya fara biyawa ta asibiti a auna jininsa da sugansa, ya faɗa wa likita abin da zai yi. Ya ƙi takardar kwana shida ko da an ce masa ita kowa ke bi. Ya sa mai ƙarfe da mai dambe su zauna tare a gabansa kafin ya ɗaga komai. Idan gwiwa ko kafaɗa ta riga ta lalace, ya fara da ɗaya na wata biyu ko uku kafin ya ƙara ɗayan. Saboda kocin nan kaɗai sidi 300 ɗin ta halatta. Ɗakin ƙarfe kuwa kaya kake haya, ilimin sai ka zo da naka.

Makon jiya na sabunta na wata uku. Da nake biya na ce wa mai gidan ya sayi na'urar awon jini ya ajiye a tebur, ya kuma buga takardar tambayoyin lafiya ga duk sabon shiga, don yanzu mu masu furfura mun kai bakwai da safe. Ya ce in sha Allahu. Karo na biyu ke nan da ya faɗa mini haka, kuma ƙarshen wata zan sake tambayarsa.