Piyanon Jiji da ke Legas ko na Facebook da ke Kano, wanne za ka ɗauka?

Salam ɗan uwa, na ga tambayarka tun jiya da daddare sai yanzu na samu zama. Ka ce kana son piyanon Yamaha PSR-S970 na hannu, ka ga ɗaya a Jiji mai shi yana Legas, ka ga wani a Facebook mai shi yana nan Kano amma ya fi na Legas ɗin tsada da wajen dubu 150, sannan kana son ka sayar da ƙaramin PSR-E ɗinka ka cika kuɗin. To bari in faɗa maka yadda nake kallon abin, don na ɗan jima ina saye da sayar da kayan situdiyo.

Ni dai na Kano zan ɗauka, kuma ba wai don Facebook ya fi Jiji ba. Duk su biyun allon talla ne kawai, suna haɗa ka da mai kaya su koma gefe, kuɗinka ba ya bi ta hannunsu, in an cuce ka babu wanda zai ce maka ga kuɗinka. Su kansu Jiji ɗin suna rubutawa a jikin talla cewa kar ka biya kafin ka ga kaya. Abin da ya raba cinikin nan biyu shi ne ɗaya za ka iya ɗora yatsunka a kai kafin ka tura ko sisi, ɗayan kuma hoto ne da muryar wani mutum a waya.

Amma kowanne da inda ya fi. Jiji ya fi yawan kaya nesa ba kusa ba, tun da suka haɗiye OLX, wani shafin talla irin nasu, a 2019, 'yan kasuwar Alaba ta Legas da yawa can suke zuba tallarsu, in ka rubuta S970 za ka ga da yawa ka kwatanta farashi, ka ga tun yaushe mutum yake da akawun, ka karanta abin da waɗanda suka taɓa saye a wajensa suka ce. Ko ba za ka saya a can ba ka shiga ka san farashin kasuwa, da shi za ka yi wa na Kano tayi. Matsalar ita ce yawancin masu irin wannan kayan suna kudu, kuma wani hoton da za ka gani daga intanet aka ɗauko shi, wani ma ba shi da kayan, sai ka kira zai zagaya shagon maƙwabcinsa ya ɗauko ya ɗora ribarsa.

Facebook kuma kayan ba su da yawa, sai ka yi sati ba ka ga abin da kake nema ba, amma kana ganin mutum. Ka duba hotunansa na shekarun baya, ka ga ko akwai abokan da kuka haɗa, in makiɗi ne da gaske ai za ka gan shi a situdiyo ko wajen biki da piyanon a gabansa. Harkar kiɗa a Kano ƙarama ce, ka je Zoo Road ka ambaci sunansa a situdiyo biyu uku wani zai san shi. Sai dai a kula, ana sace akawun ɗin mutane a yi talla da shi, don haka tsohon akawun ba hujja ba ce, kira shi bidiyo kol ka ga fuskar ta yi daidai da hoton.

Yanzu ka lissafa dubu 150 ɗin nan da kake ganin ka rage. Kuɗin mota daga Legas, kwali da soso na naɗewa, abin da za ka ba yaron tasha, sannan tafiyar kusan kilomita dubu a but ɗin mota ana ɗora masa buhu a kai. S970 allo gare shi mai kala, in ya tsage kafin ka samu wani ka sha wahala, kuma direba zai ce haka aka ba shi, mai kaya ya ce lafiya lau ya bayar, kai ne a tsakiya. Araha ba ta ado wallahi. Balle in aka fara maka zancen turo rabin kuɗi kafin alƙalami wai akwai wani da ke son ɗauka yau, ko turo kuɗin mota kawai in ya iso ka biya sauran, wannan na biyun shi ya fi cin mutane saboda kuɗin kaɗan ne mutum bai jin zafin turawa, kana turawa layin ya mutu.

In ka je ganin na Kano kar ka yi kunya, ka zauna ka ɓata awa guda. Makullan 61 ne, danna su ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi, don akwai roba a ƙarƙashinsu da ƙurar hunturu ke cinyewa, sai ka ji wani makulli yana ihu ko ka taɓa shi a hankali, wani kuma shiru. Juya maɓallin ƙara ka ji ko yana ƙarar yashi, gwada wilin lanƙwasa sauti ka ga yana komawa tsakiya da kansa, tafi da filashinka ka loda sitayil, wato salon kiɗan rakiya, ɗaya ko biyu, sa hedifon, jona shi da sifikar waje ta duka ramukan. Ka bar shi a kunne ya yi zafi, wasu sai bayan minti 30 suke fara kashe kansu. Sannan adafta, wannan mutane na raina shi: S970 da 16V yake aiki, ƙananan PSR-E kuma 12V, in ka ga an haɗa maka da wata adaftar laftof da aka yanke aka ɗaure da salatif ka san an taɓa wasa da wutarsa, ka rage kuɗi sosai ko ka haƙura. Ka leƙa ƙasansa ma, sukurori in sun sha sukundireba bakinsu na nunawa, ka tambaye shi me aka gyara. Shi wannan samfurin tun 2015 ya fito, in ya ce maka ba a taɓa buɗe shi ba zai iya yiwuwa, amma idonka ya tabbatar.

Duk wannan gwajin ba mai yi maka shi ta waya. Iyakar abin da za ka samu daga na Legas shi ne bidiyo kol, ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ɗora a kan piyanon, ya nuna maka lambar siriyal, ya bi makullan kana ji. Hakan na tabbatar da kayan na hannunsa, bai tabbatar da shi za a saka a mota ba. In dai ka nace sai na can, nemi ɗan uwa a Agege ko Idi Araba wanda ya san kaya, ka biya shi ladan wahala ya je ya gwada, ya biya a wurin, ya kai tasha da hannunsa.

Ni abin da ya koya min hankali mayik ne. Na taɓa sayen Shure SM58 a wajen wani daga talla, muka haɗu a bakin titi ana sauri, kwali fes, jaka fes, ina zuwa situdiyo na haɗa shi da na abokina sai na ji nawa kamar ana magana cikin gwangwani. Na gasken nauyinsa kusan giram 300 ne, in ka kwance shi za ka ga waya ruwan ɗorawa da koriya, nawa kuwa fayau kamar abin wasan yara. Jabun SM58 sun cika kasuwa, in za ka sayi mayik tafi da na gaske ka riƙe su hannu bibbiyu. Haka kayan da aka kawo daga Amurka, miksa ko sifikar situdiyo, karanta bayansu, wasu 120V kaɗai suke ɗauka, mu kuma wutarmu 230V ce, kana jonawa sai hayaƙi.

Sai rasit. Ka tambaya, in babu ku rubuta takarda da lambar siriyal da sunansa da lambar wayarsa, da shaida ɗaya, ka ɗauki hoton katinsa. Ana satar amfilifaya da piyano a masallatai da coci-coci da situdiyo, ranar da aka biyo sawu a hannunka za a gani, takardar nan ce za ta yi maka magana a ofishin 'yan sanda.

Ɓangaren sayar da PSR-E ɗinka kuma, saka shi duka biyun ba asara, Jiji zai kawo maka kira da yawa har da 'yan "nawa ne last" da ba sa zuwa, Facebook kira kaɗan amma na kusa. Faɗi aibinsa tun a talla ka huta da rigima. Kar ka kai baƙo ɗakin da sauran kayanka suke, ku haɗu da rana a shagon wani da ke da wuta ko janareta. In ya ce ya tura, kar ka kalli sikirinshot ɗinsa, kar ka yarda da tes ɗin alat, buɗe af ɗin bankinka ka ga balans ya ƙaru da idonka, in ya ce netwok ne to ku zauna tare ku jira netwok ɗin, piyano na gefenka.

Kira na Kano yau ka ce gobe da safe za ka zo da filashi da hedifon, ka nuna masa farashin da ka gani a Jiji, ina kyautata zaton zai sauko ko da rabin bambancin ne. In ya fara cewa ba sai an kunna ba ai sabo ne, ka dawo ka faɗa min, akwai masu sayarwa a Sabon Gari sai mu leƙa tare ranar Asabar.