Babban Oxford ko ƙaramin ƙamus na aljihu: ki auna su da kalmar offer

Hajiya, kin tambaya wane ƙamus za ki saya. In dai tsakanin waɗannan biyun ne, wato babban ƙamus na Oxford Advanced Learner's da ɗan ƙaramin nan na Turanci da Hausa da ake cusawa a aljihu, kuma don yarinyar da za ta zauna WAEC da JAMB ne, kada ki wahalar da kanki da dogon tunani. Ki daure ki cika kuɗin ki saya mata Oxford ɗin. Dukansu biyu ina da su. Ɗaya kullum yana kan teburi har bangonsa ya sha salatif, ɗayan kuwa yana can ƙasan kwali tare da tsofaffin rasidai.

Tunda kalmar offer ce ta tayar da zancen, wadda kika ce kun gani a shafin JAMB na yayanta kuka rasa gane ko an ba shi gurbin ne ko da saura, bari mu yi awon da ita. Kalma ce mai kyau wajen tona asirin ƙamus, don ƙarama ce a ido amma tana da rassa da yawa.

Ƙaramin nawa, wanda na saya a hannun wani mai talla a tasha, abin da ya rubuta a gabanta kalma biyu ne: bayarwa, kyauta. Ba misali, ba bayanin ko suna ce ko aikatau, ba sunan marubuci ma a jikin littafin. Yana da sauƙin ɗauka, kuma ga wanda yake son ya san sunan cokali ko tsintsiya da Turanci zai yi. Iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan.

Matsalar ita ce offer ba bayarwa ba ce. Tayi ce. Mu da muka tashi muna zuwa kasuwa mun fi kowa sanin bambancin: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a ja, sai in an ce an sallama sannan ciniki ya faɗa. Kafin nan kaya na mai su ne, kuɗi ma na mai su ne. To haka kalmar take a Turanci. Wanda ya yi offer ya nuna yana shirye ya ba da abu ko ya yi wani abu, ya rage ga na biyun ya karɓa ko ya ƙi. In aka ce he gave him money, kuɗi sun shiga hannu. In aka ce he offered him money, an dai miƙa, kuma sau da yawa jimlar da ke biye ita ce ke faɗin cewa bai karɓa ba. Ɗalibar da ta haddace "bayarwa" za ta karanta labari a jarrabawa ta ɗauka mutumin ya ci hanci, alhali marubucin yana nuna ya ƙi ne. Maki ya tafi, kuma ba laifinta ba ne, laifin littafin da aka ba ta ne.

Na ga amfanin wannan bambanci a cikin gidanmu. Wani ƙanena ya taɓa samun takardar ɗaukar aiki, irin wadda muke ce wa ofa. Murna ta cika gida, aka yi ta shigowa ana taya shi barka, shi kuma ya linke takardar ya sa a cikin jakar takardun makarantarsa yana jiran ranar da za a kira shi. Da daddare ya kawo mini ita don in sa albarka. Muna zaune a tabarma, ba wuta, sai fitilar waya, na ga sakin layi na ƙarshe yana cewa a sanar da su a rubuce cikin mako biyu in an amince. Shi duk a tunaninsa wannan gaisuwar rufe wasiƙa ce kawai. Na ɗauko Oxford na buɗe masa, na ce ya karanta da kansa. Yana bin layin da yatsa har ya zo inda aka jera kalmomin da ke tafiya da ita: accept, refuse, decline, turn down. Sai ya ɗago ya ce, "Yaya, ashe tambayata suke yi." Washegari da sassafe ya rubuta wasiƙar amincewa ya kai da hannunsa. Yana wannan aikin har yau, kuma duk lokacin da ya zo gidan sai ya shafa littafin nan ya yi dariya. Yayanmu ne ya saya mini shi, bugu na bakwai na 2005, kuma ban san wata kyauta da na fi morewa ba.

Dalilin da ya sa Oxford ɗin ya yi mana wannan amfanin shi ne tun asali don irinmu aka rubuta shi. A. S. Hornby, wanda ya fara tsara shi, malamin Turanci ne da ya koyar a Japan, ya ga inda waɗanda ba da harshen aka haife su ba suke tuntuɓe. Littafin ya fara fitowa a Tokyo a 1942, sannan maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga shi a 1948, bugu na goma kuma ya fito a 2020. Shi ya sa ba ma'ana kaɗai yake bayarwa ba, yana nuna yadda ake ɗora kalmar a cikin jimla. A ƙarƙashin offer za ta ga ana cewa offer somebody something, ko offer something to somebody, ko kuma offer to do something in mutum ya ce shi zai yi abin da kansa. Daga nan za ta gane cewa he offered to carry my bag daidai ne, amma he offered me to carry my bag da yaranmu ke yawan rubutawa kuskure ne. Za ta ga ana rubuta offered da r ɗaya, ba kamar preferred da referred ba, saboda ita nauyin furucinta a gaɓar farko yake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda WAEC da JAMB duka suna tambaya a kan gaɓar da ake dannawa a kalma, kuma Oxford yana sa alamar a gaban kowace kalma. Ƙaramin ko alamar furuci ɗaya babu.

Akwai kuma wani abu da nake so ta lura da shi tun yanzu. A makarantunmu ɗalibi yakan ce I am offering Biology, yana nufin yana ɗaukar darasin. Kowa a Najeriya ya gane, malamai ma haka suke faɗa. Amma a Turancin yau da kullum na Ingila da Amurka makaranta ce take offer ɗin darasi, ɗalibi kuwa take ko study yake yi. Ranar da za ta rubuta wa wata jami'a a waje tana neman gurbi, in ta ce tana offering Chemistry, mai karantawa zai iya ɗauka ita ce ke koyar da shi. Ba na cewa Turancinmu na gida abin kunya ne, kowace ƙasa da irin nata. Ina cewa ya kamata ta san wanne ne na gida, wanne ne na fita.

Sauran rassan zan bi su da sauri. Special offer a shago garaɓasa ce, an rage farashi na ɗan lokaci. On offer na iya nufin abin da ake da shi a ƙasa, kuma a Ingila yana nufin an yi masa rangwame. Gidan da aka rubuta wa under offer a can, wani ya riga ya taya kuma mai gidan ya karkata gare shi, amma ba a gama ciniki ba. Public offer shi ne lokacin da kamfani ya fito da hannun jari ya ce jama'a su saya. Offering a coci shi ne abin da 'yan'uwanmu Kirista suke kira baiko, kuma wannan ma'anar ta ibada ita ce mafi tsufa a Turanci, daga Latin ta shigo. Ana kuma offer ɗin ta'aziyya, da ban haƙuri, da shawara. A fannin shari'ar kwangila kuwa offer da acceptance su ne ginshiƙin kowace yarjejeniya, abin da malamanmu na fiƙihu suke kira ijabi da ƙabuli. Ki duba nawa daga cikin waɗannan za su shiga cikin "bayarwa, kyauta".

Game da yayan nata, tunda kin ambata: JAMB ta fara amfani da CAPS, tsarinta na ba da gurbin karatu ta intanet, a 2017, kuma a cikinsa in makaranta ta yi wa ɗalibi tayin gurbi, sai ya shiga da kansa ya danna amincewa ko ƙi. In bai danna ba, gurbin bai zama nasa ba, kuma ba za a riƙe masa shi har abada ba. Amma ya karanta sunan makarantar da kwas ɗin da kyau kafin ya danna, don in ya karɓa ya rufe ƙofar sauran. Kada ya bar wa yaron kafe lambar sirrinsa ya ce ya duba masa. Masu neman karatu a Ingila su ma su riƙa bambance conditional offer da unconditional offer. Na farkon da sharaɗi a kansa, sai an kawo wani sakamako ko an ci jarrabawar Turanci. Na san gidan da aka fara maganar sayar da fili a kan irin wannan takardar, alhali sharaɗin ko kusa ba a cika ba.

Kada a fahimce ni a karkace, ba ƙamus na Turanci da Hausa nake kushewa gaba ɗaya ba. Akwai na ƙwarai da masana suka yi wa aiki na shekaru, kamar na Roxana Ma Newman na 1990, da wanda ita da Paul Newman suka fitar a maɗaba'ar Jami'ar Bayero a 2020. Waɗannan suna rarrabe ma'anoni, suna ba da misali, kuma mai fassara ko ɗan jarida ba ya rabuwa da su. In Allah ya hore nan gaba ki ƙara mata ɗaya, zai taimake ta ko a Hausar ma. Sai dai ba su ne kika ce an nuna miki ba, kuma yarinyar da za a yi wa jarrabawa da Turanci tana bukatar ta saba karanta bayani da Turanci. Makon farko za ta yi ƙorafi, za ta ce ta je neman kalma ɗaya ta tarar da uku da ba ta sani ba. Ki bar ta. Bayanin da kalmomi masu sauƙi aka yi shi da gangan, kuma wannan 'yar wahalar ita ce karatun. Ki sa ta fara karanta shafukan farko inda aka yi bayanin gajerun alamomi, irin su sb da sth (wato somebody da something), don yawancin yara tsallake su suke yi sannan su ce littafin yana da wuya.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa. Oxford na cikin littattafan da aka fi yi wa jabu a ƙasar nan, kuma masu sayarwa da yawa sun san abin da suke yi. Za a rantse miki cewa na asali ne, a ce an rage miki ne don ke ce. Kada ki yarda a ba ki a cikin leda a ɗaure, ki ce a buɗe. Na asali takardarsa siririya ce amma rubutun tas yake, manyan kalmomin da launin shuɗi, hotunan kuma a fili. Na jabu tawadar takan yi dishi-dishi, wani shafin ya yi baƙi ƙirin wani ya koɗe, rubutun bayan takarda yana leƙowa ta gaba, layukan sun karkace. Ki buɗe shi ta tsakiya ki ɗan danna, in kin ji gam yana ƙara ko takarda tana neman ɓallewa, ki ajiye. Ki bi lambobin shafi a wurare uku ko huɗu, don akan samu an tsallake wasu shafuka ko an maimaita su, sai ranar da yarinya ta je neman kalma ta tarar babu harafin gaba ɗaya. Wata dabarar kuma ita ce a ɗauko tsohon bugu a lulluɓa masa sabon bango, saboda haka ki duba shafin ciki inda aka rubuta shekara da lambar bugu, ki ga ko ya yi daidai da abin da ke bangon. Ki sayi naki a shagon da ke da mazauni, a rubuta miki rasit, ki kuma ce in an samu matsala za ki dawo da shi. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin ya riga ya gaya miki abin da yake sayarwa.

Masu sayar da ofa ma 'yan gida ɗaya ne da su. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo wa yaro takardar aiki ko gurbin jami'a ta bayan fage, ki riƙe kuɗinki. JAMB ta sha nanata cewa gurbin da bai bi ta CAPS ba ba ta san da shi ba, kuma yaron ne zai sha wahalar a ƙarshe, lokacin da aka zo tafiya bautar ƙasa.

In kuɗin sabo ya yi miki nauyi, akwai bugun ɗalibai mai bango mai laushi, International Student's Edition, ya fi araha kuma ƙamus ɗin ɗaya ne. In shi ma bai samu ba, ki nemi na hannu wurin masu tsofaffin littattafai ko wurin wanda ya gama makaranta, bugu na takwas ko na tara duk za su yi mata. Shafin Oxford na masu koyo a intanet ma kyauta ne, har da muryar furuci, sai dai ni ba na son a miƙa wa 'yar aji shida waya da sunan duba ƙamus, mun san inda ake ƙarewa. Tsohon na asali mai tabon mai a gefe ya fi sabon jabu mai ƙyalli, kuma in za ki je sayen ki tafi da ita, ta buɗe da hannunta ta duba.