Google Patents: kyauta ne, kuma ya nuna min inda rigimar BlackBerry ta samo asali

Jama'a duk mai harkar haɗa manhaja ko mai son sanin wa ya fara ƙirƙirar me, ya leƙa Google Patents. Ba rajista, ba biyan ko sisi, ka rubuta sunan kamfani ko lambar takarda kawai sai ya zubo maka takardun mallakar ƙirƙira har da zane-zanensu, ka sauke PDF in kana so. Tun 2006 yake aiki.

Ni da shari'ar NTP da RIM, masu wayar BlackBerry, na gwada shi. NTP ɗan ƙaramin kamfani ne a Virginia ta Amurka, ba ya ƙera waya, takardun wani mai ƙirƙira Thomas Campana kawai yake riƙe da su kan tura imel ta iska, ya kai RIM ƙara a 2001. RIM suka ce ai wannan ba sabon abu bane, imel akwai shi, feja, 'yar na'urar nan ta karɓar gajeren saƙo ta iska, akwai ta, duk injiniyan da ya san aikinsa zai yi tunanin haɗa su, kuma doka ba ta ba da mallaka kan abin da yake a bayyane haka. Duk da haka a Maris 2006 sai da suka biya dala miliyan 612.5 don kar kotu ta rufe musu sabis a Amurka, alhali ofishin rajistar ƙirƙira na ƙasar yana ta sake duba takardun yana watsi da su. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

To a nan shafin yake da amfani sosai, domin irin wannan gardama kwanan wata ne gishirinta. Kana buɗe takarda za ka ga ranar da aka fara shigar da ita, a ƙasa ga jerin tsofaffin takardun da ta ambata da waɗanda suka ambace ta daga baya, kuma za ka iya tace bincike ka ce a nuna maka abin da ya riga shekara kaza kawai, sai ka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya kana gani da idonka ko mutum ya ƙirƙira ne ko ya dai jona abu biyu da kowa ya sani. Haka na bi takardun da BlackBerry ɗin, wato RIM bayan ta canza suna, ta kai Facebook da WhatsApp da Instagram ƙara a kansu a 2018, ciki har da ta lambar nan da ke fitowa a kan alamar manhaja tana nuna saƙonnin da baka karanta ba. Sun sasanta a 2021.

Sai dai fa babu Hausa, kuma turancin lauyoyi ne mai nauyi, jimla ɗaya ta cinye rabin shafi. Ba ya kawo maka hukuncin alƙali, wannan sai ka nema daban. A kwamfuta ya fi daɗin karatu saboda zanen. In kuɗi za ka zuba a wata fasaha ka nemi lauya, amma don bincike na farko na ba shi 4 cikin 5.